Ranar da Kaka ta ƙaryata fim

Shekarun baya, lokacin ina goyon 'yata ta fari, wadda yau ita ce take kai ni asibiti tana yi mini faɗan cin gishiri, na yi aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a garin Laurel, kusa da Washington. Abin da ya tuno mini da ita, jiya jikana ya kunna fim ɗin yaƙi a falo, na tashi na shige kicin kamar yadda na saba. Ya biyo ni yana tambayata da Turancinsa me ya sa ba na son irin waɗannan finafinan. Na ce masa ƙarar ce ba na so. Ƙarya na yi wa yaron. Gaskiyar ita ce wannan da zan ba ku.

Mun zo ƙasar nan a tsakiyar shekarun tamanin. Maigidana yana karatun aikin gona, kullum yana Beltsville wajen gonakin bincike. Ni kuwa aji huɗu na firamare na yi a ƙauyenmu can wajen Malumfashi, Turancina bai wuce gaisuwa da "na gode" ba. Kuma ni matsoraciya ce, ba zan ɓoye muku ba. A ƙwanƙwasa ƙofa, gabana ya faɗi. Motar 'yan sanda ta wuce da jiniya, ina bayan labule ina leƙe. Dalili kuwa, bizar da na shigo da ita ba ta ba ni izinin aiki ba, kuma tun ranar farko maigidana ya ja mini kunne, ya ce, "Duk wanda ya tambaye ki abu, ki ce to, ki wuce. Kada ki kuskura ki ja magana da mai riƙe da takarda da biro."

Wata 'yar'uwa ce, nas 'yar Jos, ta haɗa ni da gidan. Ta ce tsohuwa ce ita kaɗai, mijinta ya mutu, ɗanta ɗaya yana Fort Washington, sai ranar Lahadi yake zuwa. Ta ce ba ruwansu da takarda, kuma zan iya zuwa da goyona. Haka na je.

Kaka nake ce mata. Ta tambaye ni ma'anarsa, na nuna mata da hannu, uwar uwa, ta ce ta karɓa. Ta haura saba'in, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa hagunta, ya kuma taɓa harshenta. In za ta yi magana sai ka jira, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Mutane ba sa jira. Ɗanta ma, bawan Allah, mutumin kirki ne amma kullum a gajiye yake, in ta fara magana sai ya ƙarasa mata, kuma yana ɗaga mata murya kamar kurma. Ni da ba ni da Turancin ƙarasa wa kowa magana, dole na jira. To a wurin jiran nan na gane cewa ruwan da gugan yake fitowa da shi garau yake.

Ita ta koya mini Turanci, da gwangwanayen kicin. Ta ɗaga ɗaya, in karanta, in na yi kuskure ta ƙwanƙwasa tebur da fensir. Takan ce shayina ruwan wanke kofi ne, ni kuma in ce abincinta na marasa lafiya ne, ko barkono babu. In na goya 'yata na ɗaure zane sai ta yi ta kallo, ta ce, "Ku kun fi mu wayo. Mu sai mun sayi keke mu tura." Wata rana ita ta fara lura kunnen yarinyar yana ciwo, tun kafin zazzaɓi ya fito, don ta ga tana yawan shafa gefe ɗaya. Wasan cike gurbin kalmomi na jarida kuwa, kafin shayin ya huce ta gama.

Sai dai tana da wasu ɗabi'u. Kullum da safe sai na fere mata fensir shida, ta jera su. Ba ta taɓa rubutu a kan littafi, sai ta yage falle ɗaya ta ɗora a kan gilashin tebur, wai kada sawun rubutun ya fito a takardar ƙasa. Kuma duk abin da ta rubuta, ko da jerin cefane ne, in an gama da shi sai ta yayyage shi ƙanana ta zuba a wata jakar takarda. Ranar Juma'a in tura ta a kekenta zuwa wurin wanke-wanke, ta ƙyasta ashana ta ƙone, ta sakar masa ruwa. Ni ban ɗauke shi komai ba. Kakata ta gida ma ba ta barin gashin da ta taje a ƙasa, sai ta tura shi a ramin katanga. Kowane tsoho da nasa.

Wata Lahadi ranar haihuwarta ta zagayo, ɗan ya roƙe ni in zo in taimaka. Ya zo da kek, da sabon injin bidiyo, da kaset ɗin da ya aro. Bayan an ci abincin rana ya haɗa wayoyi, ya ce, "Mama, na zamaninku ne. Za ki so shi. Har an rubuta labarin gaskiya ne." Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, 'yata tana barci a cinyata.

Da aka fara, sai ga teku. Sai ga wani dogon abu baƙi ya ɓullo daga cikin ruwa, ruwan yana kwarara a jikinsa, murfi ya buɗe, mutane suka fito. Wallahi ban san lokacin da na ce "Innalillahi" da ƙarfi ba.

Ga dalili. Mahaifina tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma. Muna yara yakan ba mu labarin yadda aka zuba su a jirgin ruwa a Ikko, suka yi makonni ba su ga ƙasa ba. Ya ce an hana su kunna ko da taba a waje, an rufe tagogi, an ce su kwana da rigar iyo, saboda akwai kifin ƙarfe na Jamus a ƙarƙashin ruwa, da mutane a cikinsa suna ci suna sha, suna jiran jirgi ya gifta su fasa masa ciki. A ƙauyenmu, inda babban ruwanmu shi ne rafin da yake ƙafewa da rani, wa zai yarda? Samari suka sa masa suna Mai Kifin Ƙarfe. In ya zo wucewa ta bakin kasuwa sai su ce, "Baba, yaya kifin naka, ya yi ƙwai?" Ana cewa Boma ce ta taɓa masa kai. Mu 'ya'yansa ma mukan ɓoye fuska mu yi dariya. Daga baya ya daina ba da labarin.

To ga shi a gabana, yadda ya faɗa. Na zauna hawaye yana zubo mini, ina cewa a raina, gani ya kori ji. Duk abin da fim ɗin nan ya nuna daga nan, haɗiye shi nake kamar ruwa.

Sai aka koma wani ofis. Abin da na fahimta, jiragen nan masu nutso suna aika wa juna saƙo a rufe, yadda ko an kama shi ba za a gane ba. Aka nuna wani kyakkyawan saurayi shi kaɗai a ɗaki da allo da alli, yana kai da komo yana shan sigari. Wata mace ta shigo ta ajiye masa kofi, ta fita. Can sai ya tsaya, ya zaro ido, ya rubuta wani abu a allo, ya fita da gudu. Aka buga waya, jirgin da ake hako ya karkata, ya tsira. Kiɗa ya tashi, sojoji suna jefa huluna sama. Har na fara murmushi.

Sai na ji Kaka ta ce, "Ƙarya."

Ɗan ya ce, "Me kika ce, Mama?"

Ta ce, "Ƙarya ne. Ba haka aka yi ba. Babu allo. Babu wannan yaron."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce, "Mama, fim ne kawai."

"Kai ka ce gaskiya ne."

"To ai masana suka tambaya. Ke kuma a ina kika sani? Ke da kika yi wa sojan ruwa aikin buga takardu. Baba ma, kafin ya rasu, cewa yake ke ce kika fi kowa iya dafa kofi a Washington." Ya juyo ya kalle ni yana murmushi, wai in taya shi.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ɗauki kofin da ke gefenta da hannunta mai lafiya ta wurga wa talabijin. Bai kai ba, ya fashe a ƙasa. 'Yata ta farka da kuka. Kaka tana ta ƙoƙarin magana, harshen yana ƙi, har ta samu ta ce, "Mun makara. Ba su tsira ba. Mu muka bar su suka nutse." Sai ta rufe bakinta da hannu kamar wadda ta yi saɓo, ta fashe da kuka.

Ɗan ya kashe bidiyon. Ni na sunkuyar da kai ina tsince fasassun kofi.

Washegari Litinin, ina taje mata kai a bakin taga. Can ta ce, "Kawo fensir." Ta yage falle ɗaya ta ɗora a gilashi, ta rubuta haruffa huɗu-huɗu a jere, ta ce in karanta. Na gwada, ba su ba da komai. Na ce, "Kaka, wannan ba Turanci ba ne." Ta ce, "Ba yaren kowa ba ne. An cusa magana a cikin inji, ta fito haka." Sai na tuna zaurancen da muke yi muna 'yan mata don kada manya su gane mu. Na yi mata kaɗan. Ta yi dariyar da ta sa ta tari, ta ce, "Shi ne. Amma namu kullum sai an sake mabuɗi."

Rannan ta yi magana fiye da duk wadda na taɓa ji ta yi, a hankali, tana zana mini abin da ban gane ba. Ta ce ita malamar lissafi ce, lokacin yaƙi aka aiko mata wasiƙa, aka kawo ta Washington aikin buɗe saƙonnin Jamus. Ta ce ba mutum ɗaya ba ne, ɗakuna ne cike da mata, kashi uku suke karɓa-karɓa, ba a taɓa kashe fitila. Injuna kamar manyan durowa, ga zafi, ga ƙara, ga warin mai, in ka fito kunnenka yana ta amo har gida. Ba wanda ya san abin da na teburin kusa da shi yake yi. Kuma duk wahalar da aka sha aka buɗe na yau, gobe sai a faro daga farko. Na ce, "Kamar daka ke nan, na jiya ba ya ciyar da yau." Ta ce in maimaita, na maimaita, ta gyaɗa kai.

Ta ce wani lokaci a yi sa'a da wuri, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci har abada. Akwai wani saƙo da ya bi ta hannunta, bai buɗu ba sai a rana ta uku. A ciki an faɗi inda jiragen nan masu nutso za su yi kwanto. Ta miƙa wa wani hafsa shi da sauri, ya duba, ya duba wata takarda, ya ajiye a gefe ya ce, "Wannan ya wuce." Shi ke nan. Ba a faɗa mata sunan jirgi ba, ba a faɗa mata mutum nawa ba. Ta koma ta zauna ta ɗauki na gaba. Ta ce, "Shekara arba'in ina tunanin da ban tashi cin abinci ba rannan. Shi kuma wancan yaron na fim ya gama kafin sigarinsa ta ƙare."

Na ce, "Mijinki bai sani ba?"

Ta ce, "Ya mutu yana zaton kofi na dafa. An sa mu mun yi rantsuwa. An ce wadda ta yi magana, ko bayan yaƙi ne, ta ci amanar ƙasa."

"To ni me ya sa kika faɗa mini?"

Ta harare ni ta gefen ido. "Ke da Turancin naki na gwangwani, wa za ki faɗa wa?"

Muka yi dariya. Sai ni ma na kawo nawa. Da ɗan Turancin gwangwanin da hannu da zane, na ba ta labarin Baba, da Ikko, da rufe tagogi, da sunan da samari suka sa masa. Na ga ta gyara zama. Ta tambaye ni wane teku, na ce ban sani ba, babba dai. Ta tambayi shekara, na ce ban sani ba. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ya isa? Jirginsu ya isa?"

Na ce, "Kaka, in da bai isa ba, wa zai taje miki kai yau?"

Ta daɗe tana kallona. Ta miƙa hannu ta taɓa ƙafar 'yata da ke leƙowa daga goyo. Ta ce, "Ban sani ba ko ta teburinmu ya bi. Wataƙila ba mu ba ne." Na ce ko ba ku ba ne, wasu irinku ne. Ta ce ita duk tsawon rayuwarta waɗanda suka nutse kawai take ƙirgawa, ba ta taɓa ganin wanda ya isa ba, balle jikarsa. Ta ce, "Ki faɗa masa gaskiyarsa ce. Ki faɗa masa da wuri."

Sannan ta yayyage takardar, ta zuba mini a tafin hannu in kai jaka. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Nawa kuwa, ba kowa. Ko ɗana." Na ce mata a wurinmu ana ce wa wannan amana, kuma na ɗauka.

A makon nan na sayi kaset na ɗauki muryata, don Baba ba ya karatun boko, haka muke aika wasiƙa. Na ce, "Baba, na ga kifin ƙarfe da idona. Gaskiyarka ce. Ka yafe mana." Na ajiye shi ina jiran mai tafiya gida.

Bayan kamar kwana goma, da hantsi, ɗan ya zo da wani likita da wata mata mai rungume da fayil. Na ga biro a hannunta. Na so in shige kicin, ɗan ya ce a'a, in zauna, ni na fi kowa sanin halin da take ciki.

Likitan ya tambayi Kaka ranar wata, ta faɗa. Ya tambaye ta sunan shugaban ƙasa, ta faɗa, har ta ƙara da cewa ba shi ta zaɓa ba. Ya ba ta lissafi, ta ba shi amsa kafin ya rufe baki. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, "An ce kin faɗi cewa kin bar mutane sun nutse. Su wa ke nan?"

Ta ce, "Ba ni da abin faɗa a kan wannan."

"Kin tuna kin faɗa?"

"Ba ni da abin faɗa."

"Wane aiki kika yi lokacin yaƙi?"

Ta kalli ɗanta, ta kalli taga. Ta ce, "Na fere fensir. Na dafa kofi."

Ɗan ya ce a hankali, "Ka gani? Yau haka, rannan kuma ta ce ita ta san sirrin yaƙi." Ya tashi ya nuna musu jakar takardun da baƙin hayaƙin da ya kama gefen wurin wanke-wanke. Ya ce tsoronsa kada wata rana ta ƙone gidan da kanta a ciki. Kuma wallahi na ga tsoron a idonsa, ba neman rabuwa da ita yake ba.

Sai matar fayil ta juyo gare ni. Ta fara da tambayar cikakken sunana, ta ce in faɗi haruffan, ta rubuta. Ta ce tana yi wa talabijin magana? Na ce e. Ta wurga kofi? E. Tana yayyage takardu? E. Tana kunna wuta a cikin gida? E. Kowace e gaskiya ce, kuma ina ji a jikina cewa kowace ɗaya bulo ce nake miƙa musu suna gina mata katanga. Daga ƙarshe ta ce, "Akwai abin da kike so ki ƙara? Kina ganin hankalinta daidai yake?"

Maganar tana bakina. Jimla biyu ce, kuma ina da Turancinta. Na ɗaga kai na kalli Kaka. Tana kallona, ta girgiza kai sau ɗaya, kaɗan, yadda ni kaɗai na gani. Na kalli biron, yana tsaye a ƙarƙashin sunana. 'Yata ta motsa a bayana.

Na ce, "Ban sani ba. Ni ba likita ba ce."

Kafin wata ya ƙare aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ni na haɗa mata kaya. Na sa fensir shida a aljihun jakarta. Da za a fita da ita ta ce mini, "Shayinki bai gyaru ba har yau."

Sau biyu na samu zuwa, don sai na hau bas biyu da goyo. Zuwan farko na tarar fensiran suna nan yadda na fere su, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na tambaye ta, ta ce sun karɓe ashana. Tunda babu inda za ta ƙone, ta daina rubutu. Ko wasan jaridar ta bari. An zaunar da su a jere a gaban talabijin, ita ta juya kekenta tana kallon bango.

Kafin zuwa na biyu, wasiƙa ta zo daga gida ta hannun maigidana. Baba ya rasu da damina. Kaset ɗina, da na samu wani ɗalibi mai tafiya na ba shi, ya isa ƙauyenmu bayan an yi sadakar bakwai.

Da na shiga, ta rame, maganar ta ƙara nauyi. Ta taɓa 'yata, sannan ta ce, "Kin faɗa wa babanki?"

Na yi niyyar in ce mata e. Sai bakina ya ce, "Saƙon ya makara, Kaka."

Ta rufe ido. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce komai zai wuce ba. Cewa ta yi, "Zauna nan kusa da ni." Muka zauna, mu biyu, har aka zo aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Ta mutu da sanyin shekarar.

Bayan kamar shekara biyu, nas ɗin nan 'yar Jos ta ce ɗan yana nemana. Na kwana uku ba na iya cin abinci, na zaci maganar takarduna ce. Muka haɗu a gidan nas ɗin. Ya tsufa. Ya fito da wani ƙaramin gwangwanin alewa, ya ce a ƙasan akwatin mahaifiyarsa ya samu. A ciki akwai ɗan ƙyallen lambar yabo ta soja, da wata takarda da aka ce kada ta nuna wa kowa. Ya ce ya bi diddigi, ya gano aikin da matan nan suka yi. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, ashe an daɗe da fara sakin sirrin, tun kafin a yi wancan fim ɗin. Ba wanda ya aiko wa Kaka ko da layi ɗaya cewa ta huta, rantsuwar ta sauka.

Ya ce, "Ta taɓa faɗa miki wani abu?"

Na faɗa masa duka, da ɗakunan mata, da saƙon rana ta uku. Yana ji yana juya gwangwanin a hannunsa. Ya ce, "Kina nan ranar da likita ya zo. Me ya sa ba ki ce komai ba?" Na ce ta ba ni amana. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni kuwa dariya na yi mata." Na ce masa ni ma na yi wa nawa uban. Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba.

Maigidana har yau cewa yake na yi daidai, amana amana ce, kuma ita da kanta ta hana ni. Ina so in yarda da shi. Amma ni na san abin da idona ya kalla bayan na kalli Kaka. Na daɗe ina rabawa a raina, nawa ne amana, nawa ne tsoron biro, kuma rabon ba ya fitowa daidai. Ai ko ban faɗi sirrin ba, ina iya cewa, "Hankalinta ya fi nawa." Wannan ba ya cikin amanar. Ban faɗa ba.

Su masu fim ba na ce musu miyagu. Fim ɗin nan shi ya wanke mini mahaifina. Amma shi ne kuma ya share ɗakuna cike da mata ya bar guda ɗaya riƙe da kofi, ya tsirar da jirgin da bai tsira ba, sannan ya rubuta a goshinsa cewa gaskiya ce. Ɗa ya kalli wannan, ya kalli uwar da ta haife shi, ya zaɓi talabijin. Tun daga lokacin na daina sakin baki da karin maganar nan ta gani ya kori ji. Wani ganin shirya shi aka yi.

Kaset ɗin Baba yana cikin akwatina, ƙanwata ta dawo mini da shi, ban taɓa kunnawa ba. Yanzu ni ake kira Kaka, ni ma yara sun fara ƙarasa mini magana. Abin da kawai zan roƙe ku, in kuna kallo tsoho ya ce daga gefe, "Ba haka aka yi ba," kada ku yi dariya. Ku rage ƙarar, ku juyo, ku ce, "To yaya aka yi?" Ku kuma jira amsar, ko za ta daɗe kafin ta fito. Baba ya shekara talatin a bakin kasuwa, Kaka ta shekara arba'in a gidanta, ba wanda ya yi musu wannan tambayar.